Iya Ruwa Fid Da Kai: Darasi Kan Koyon Iyo A Kogi Da Tafki Da Teku

Gabatarwa

Allah Ya albarkaci Nijeriya da ruwa. Kogin Kwara ya shigo ta Jihar Kebbi, Binuwai ya shigo ta Jihar Adamawa, suka haɗu a Lakwaja, suka gangara teku. Daga arewa maso gabas ga Tafkin Chadi, daga kudu kuma ga gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850. Bayan waɗannan akwai madatsun ruwa da aka gina, kamar Kainji wadda aka gama a 1968, da Tiga a 1974, da Bakolori a 1978, da Goronyo a 1984. Da wuya a sami garin da ba shi da gulbi, ko rafi, ko kududdufi a kusa da shi.

Amma ruwan nan da muke sha, muke noma da su da shi, yana cin rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 suka mutu a ruwa a cikin shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Mu ma a nan gida mun sha makoki. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Kwara, a yankin Patigi, suna dawowa daga biki. Girman wannan asara a duniya shi ya sa a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan haɗarin ruwa.

Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai. Manufar wannan darasi ke nan. Ba gwanin tsere muke son mai karatu ya zama ba. Abin da ake nema shi ne, in ya sami kansa a ruwan da ya sha kansa, ya san yadda zai riƙe numfashinsa, ya kwanta a kan ruwa, ya kai gaci da ransa. Sai dai takarda ba ta koya wa mutum iyo ita kaɗai. Wanda ya karanta lalle ne ya nemi gwani ya tsaya masa.

Zaɓen wuri da shiri

Ruwan kogi da na tafki sun bambanta da na wurin wanka irin na makarantu da manyan masaukai. A can ana ganin ƙasa, an san zurfi, ruwa ba ya gudu. A kogi kuwa ruwa gurɓatacce ne, ƙasa ba ɗaya ba ce, inda jiya ya tsaya iya cibiya yau yana iya shan kai, musamman inda masu haƙar yashi suka bar ramuka. Saboda haka sai a kiyaye waɗannan sharuɗɗa:

1. A nemi wuri mai yashi, marar taɓo, inda ruwa ba ya gudu, zurfinsa bai wuce ƙirjin mai koyo ba. A tambayi Sarkin Ruwa ko masunta na wurin, domin su suka san gurabe, da inda kada da dorina suke zama.
2. Mai koyarwa ya fara shiga ya bi wurin da sanda, ya kafa turaku, ya ɗaura igiya ta zama iyaka. Kada mai koyo ya tsallake ta.
3. A ajiye sanda mai tsawo, da igiya, da jarka wadda ba kome a cikinta, an ɗaure murfinta tam, a bakin ruwa.
4. A sa tufa mai sauƙi. Babbar riga da zane da mayafi, in sun jiƙe, suna naɗe hannu da ƙafa.
5. Kada a shiga ruwa da dare, ko ana hadari da walƙiya, ko cikin zazzaɓi, ko bayan an sha abin da ke gusar da hankali. Mai farfaɗiya kada ya shiga sai da shawarar likita, kuma da mutum tsaye dab da shi.

Yaro daga shekara shida ya isa a fara koya masa. Wanda bai kai haka ba, maganinsa tsaro: idon babba a kansa, rijiya a rufe, randa da baho a rufe ko a kife. Mata da 'yan mata su ma suna da bukatar wannan ilmi, domin su ne masu zuwa ɗiban ruwa da wanki, kuma su ne sukan cika jiragen kasuwa da na biki. Sai a keɓe musu wuri da lokaci, mace ta koya musu.

Mataki na ɗaya: numfashi

Tsoro shi ke fara kashe mutum a ruwa, tsoro kuwa daga numfashi yake farawa. Ka tsaya a ruwa iya ƙirji, mai koyarwa yana riƙe da hannuwanka. Ka shaƙi iska ta baki, ka sa fuskarka cikin ruwa, ka riƙa fitar da iskar a hankali ta hanci da baki har ka ji kumfa yana tashi. Ka ɗago, ka sake shaƙa ta baki. Ƙa'idar ita ce: a shaƙa a sama, a fitar a ƙasa. Wanda ya riƙe iska a ƙirjinsa har ya ɗago, dole ya fitar da ita kafin ya shaƙi sabuwa, kafin nan kuwa ruwa ya sake rufe shi. Ka maimaita har ka iya yi sau ashirin a jere ba ka ƙware ba.

Mataki na biyu: kwanciya rigingine

Wannan shi ne uban darasi duka. Huhun babban mutum, in ya cika, yana ɗaukar iska kusan lita shida, watau kowa yana yawo da goransa a ƙirji. Wanda ya taɓa ganin masunta a bikin kamun kifi na Argungu, yadda suke kwanciya a kan gora suna yawo a Matan Fada, ya ga misalin abin. Kai kuwa nauyi gare shi, ya kai kimanin kilo biyar. Duk lokacin da ka ɗaga shi sama da ruwa, ko ka ɗaga hannuwa, sai sauran jiki ya nutse.

Ka juya baya, mai koyarwa ya tallafi ƙeyarka da bayanka. Ka kwantar da kai har kunnuwa su shiga ruwa, haɓa a sama, ido yana kallon sama. Ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka turo cibiya sama, ka saki jiki. Ka riƙa numfashi a hankali, kada ka fitar da iska duka. In ƙafafu sun yi ƙasa ba laifi, ka ɗan riƙa kaɗa su. Mai koyarwa ya riƙa janye hannunsa kaɗan kaɗan. Bayan ka iya wannan, sai ka koyi juyawa daga rub-da-ciki zuwa rigingine, domin wanda ya faɗa ruwa ba a rigingine yake faɗawa ba. Duk wanda ya iya wannan juyi ya sami wurin hutawa a tsakiyar ruwa.

Mataki na uku: tsayuwa a ruwa mai zurfi

Wani lokaci kana bukatar ka ɗaga kai ka duba inda gaci yake, ko ka yi kira. Ka tsaya a miƙe cikin ruwa, kamar wanda ya ɗan zauna a kujera. Hannuwa suna ƙarƙashin ruwa, kana kaɗa tafukan ciki da waje kamar mai baza hatsi a tabarma. Ƙafafu kuma suna juyawa kamar mai tuƙa keke. Baki da hanci kaɗai ake so a sama. A fara koyon wannan a inda ruwa ya kai haɓa, kusa da igiya.

Mataki na huɗu: tafiya

Iyon kwaɗo shi ya fi dacewa da kogi da tafki, domin ba ya gajiyarwa da sauri, kuma mai yinsa yana ganin gabansa. Ka kwanta rub-da-ciki, hannuwa a miƙe gaba. Ka ja ruwa da tafukan hannu zuwa gefe har daidai kafaɗa, ka ɗago ka shaƙi iska. Ka jawo diddige wajen ɗuwawu, ka juya tafin ƙafa waje, ka shura baya, ka haɗe ƙafafu, a lokacin nan hannuwa sun koma gaba. Sa'an nan ka dakata kaɗan jiki ya sulale. Masu koyo sukan manta da dakatawar nan, alhali kuwa a cikinta ake cin nisa, a cikinta ake hutawa.

Iyon sara, watau wanda ake fid da hannu ɗaya bayan ɗaya ana saran ruwa, ya fi sauri amma ya fi cin ƙarfi. Fuska tana cikin ruwa, ana juya kai gefe a shaƙi iska, ƙafafu a miƙe suna bugawa daga cinya. Tun da ba a ganin ƙasa, mutum yakan karkace bai sani ba. Saboda haka kafin ka tashi ka zaɓi alama a gaci, itace ko dutse ko hasumiya, bayan kowane sara shida ko takwas ka ɗan ɗago ido ka dube ta.

In gajiya ta zo, ka juya rigingine, ka riƙa shurin kwaɗo a hankali, hannuwa a gefe. In jijiyar ƙafa ta ɗaure, ka kwanta rigingine, ka miƙe ƙafar, ka jawo yatsun wajen ƙauri har ta saki.

Mataki na biyar: gwaji

A ƙasar Bangaladash, inda ake koya wa yaran ƙauye iyo a cikin tafkuna, ma'aunin da suka sa shi ne yaro ya yi iyon mita 25, kuma ya tsaya a kan ruwa daƙiƙa 30 ba mai riƙe da shi. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Wanda ya ci wannan, sai ya riƙa ƙara nisa sannu a hankali, yana bin gefen gaɓa inda ƙafarsa za ta iya taɓa ƙasa, ba ya nufar tsakiya. Daga baya ya gwada da tufafinsa na kullum, mai koyarwa yana kusa, domin ranar da jirgi zai kife ba ya jiran kowa ya tuɓe.

Sanin halin kogi

Kafin ka shiga kogi, ka jefa kara ka bi shi da tafiya a gaɓa. In ya fi ka sauri, ruwan ya fi ƙarfinka. A inda kogi ya yi kwana, gefen waje shi ne mai zurfi da gudu. Kada ka yi kokawa da ruwa mai gudu. Mai ƙetarewa sai ya nufi gaci a karkace, ya yarda ruwa ya gangara da shi, ya fita can ƙasa da inda ya shiga, saboda haka tun kafin ya shiga ya duba mafitarsa.

In ruwa ya kwashe ka, ka kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba wajen da ruwa ya nufa, domin su tare maka dutse, kana tuƙi da hannu zuwa gaɓa. Kada ka yi ƙoƙarin tsayawa sai ruwa ya koma ƙasa da gwiwa, don kada ƙafa ta maƙale a dutse ruwa ya danne ka. Ka guji itacen da ya faɗi cikin ruwa, domin ruwa yana wucewa ta rassansa, mutum kuwa ba ya wucewa. Haka nan taru da mamari da masunta suka kafa. In ciyawar ruwa ta naɗe ƙafarka, kada ka yi ta shure-shure, ka zame a hankali ta inda ka shigo.

Kogi yana iya cika ko ba a yi ruwa a garinku ba. Ruwan da aka yi a tudu yakan iso bayan sa'o'i, kuma akan buɗe ƙofofin madatsa, kamar yadda sakin ruwan Lagdo ta ƙasar Kamaru yakan cika Binuwai. Mutanen Yawuri sun san Kwara yakan sake cika da rani, sa'ad da ruwan daminar ƙasar Gini ya iso bayan watanni yana tafe. Ruwan ambaliya kuwa, ko iya ƙauri ne, in yana gudu yana kayar da ƙato. Ba a iyo a cikinsa, ba a ratsa shi.

Sanin halin tafki da madatsa

Ruwan madatsa a kwance yake, shi ya sa yake ruɗin mutane. Gaɓarsa takan zarce ƙasa farat ɗaya. Samansa da ɗumi, ƙasansa da sanyi, sanyin nan kuwa yana sa mutum ya ja numfashi ba shiri, musamman da hunturu. A Tafkin Kainji har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, suna fasa jirage. Kada ka yi tsalle da ka cikin ruwan da ba ka san zurfinsa ba, domin karayar wuya ba ta da ɗori. Kada ka kusanci ƙofar madatsa, ko inda ruwa yake zubowa daga kan gini, domin a gindinsa ruwa juyawa yake yi, yana mai da mutum baya. Kuma nisa a kan ruwa yaudara ne: tsibirin da ka hanga kusa ya fi yadda kake zato nisa, ga shi kuma sai ka dawo.

Sanin halin teku

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badagiri da sauran garuruwan gaɓa su lura. Ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum, amma teku tana da nata tarkon. Igiyar ruwa tana tara ruwa a gaɓa, ruwan nan kuwa sai ya nemi hanya siririya ya koma ciki da gudu. Wurin yakan yi duhu, ya yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, igiyar ruwa ba ta fashewa a wurin, shi ya sa baƙo yakan zaɓe shi. In ya ja ka, ka sani waje yake kai mutum, ba ƙasa ba. Kada ka nufi gaɓa kai tsaye, ko gwani ba ya cinsa. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ɗaya ka yi kira, sa'an nan ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa, igiyar ruwa ta taimaka maka zuwa tudu.

In jirgi ya kife

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa rigar ceto, ka ɗaure ta, tun kafin jirgi ya tashi, ko ka iya ruwa. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto. In ka ga jirgi ya cika, ka haƙura ka jira na gaba. In ya kife, ka nisanci cunkoso, domin masu firgita sukan danne juna. Ka saki kaya, ka kama duk abin da ke yawo a kan ruwa. In jirgin bai nutse ba ka riƙe shi, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi da kan mutum.

Ceton wanda ruwa ke ci

Mai nutsewa yawanci ba ya ihu, domin ba shi da iskar yi. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a baya, baki yana shiga yana fita, hannuwa suna dannan ruwa. Sau da yawa gawa biyu akan fitar, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi. Saboda haka ka fara da kururuwa. Ka kwanta a gaɓa ka miƙa masa sanda, ko rawani, ko zane. In ya yi nisa ka jefa masa igiya ko jarka, domin jarka mai lita 20 ta isa ta riƙe babban mutum. In da kwalekwale a je da shi. Shiga ruwa aikin gwani ne, shi ma da jarka a hannu, ya miƙa masa daga nesa, kada ya yarda a rungume shi.

In an fitar da shi yana numfashi, a kwantar da shi a kan kwiɓi, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna ciki ko rataye shi kai ƙasa don ruwa ya fita, wannan al'ada ba ta da amfani, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan 'yan mintoci ba iska. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura masa iska baki da baki sau biyar, ana duban ƙirji yana tashi. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba da haka har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, a kai shi asibiti, domin huhu yana iya rikicewa bayan sa'o'i.

Tsargiya

Akwai wani haɗari wanda ido ba ya gani. A ruwan da ba ya gudu, mai ciyawa, akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda take shiga ta fata, ta kawo fitsarin jini. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti. A guji wurin da aka san da ita, kada kuma a yi fitsari ko bayan gida a ruwa, domin ta nan cutar take yaɗuwa.

Tambayoyi

1. Don me ɗaga kai da hannuwa yake sa mutum ya nutse?
2. Yaya za ka gane kogi ya fi ƙarfinka tun kana tudu?
3. Me za ka yi in ruwan teku ya ja ka ciki?
4. Faɗi abubuwa uku da za ka yi kafin ka shiga ruwa ceton wani.

Kammalawa

Ana roƙon hakimai da dagatai, da malaman makarantu, da limamai da shugabannin majami'u, su karanta wa jama'a wannan takarda, su kuma haɗa kai da Sarakunan Ruwa a keɓe wurin koyo a kowane gari kafin damina ta faɗi. Kowane mashigi a ajiye sanda da igiya da jarka, kuɗinsu bai kai na ragon suna ba. Iyaye kuma su sani, hana yaro zuwa rafi ba ya hana shi zuwa a ɓoye. Gara a kai shi a koya masa a gaban idonku. Allah Ya kiyashe mu, Ya kai mu gaci lafiya.